Tsohuwar lambar Kawu da sabuwar na'ura: yadda muka haɗa wayar intanet da layin kamfani a Kumasi

Wayoyin hannu biyar na tarar a kan teburin kawuna ranar da ya kira ni ofishinsa da ke Aboabo, uku daga ciki suna ƙara a lokaci guda. Sana'arsa dakon kaya ce. Tireloli ne ke ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tema, su biyo ta Kumasi da Techiman da Kintampo da Tamale da Bolgatanga, su ƙetare iyaka a Paga su nufi Wagadugu, wasu su zarce har Yamai. Babban ofis yana nan Kumasi da ma'aikata goma sha huɗu, ƙarami a Tema da mutum huɗu masu fitar da kaya daga kwastan, sai ƙanensa da ke zaune a Yamai yana karɓar kaya a can.

Yawan wayoyin bai dame shi ba, ya saba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne wani akawu da ya shekara bakwai yana amsa kiran 'yan kasuwa, ya ajiye aiki ya tafi da wayarsa a aljihu. Lambarsa mutane suka sani. Kafin wata biyu, da yawa daga masu ba da kaya sun bi lambar zuwa inda ya koma.

"Motocin nawa ne, lambar tasa ce," in ji Kawu. "To kai da aka ce ka karanci waya, ka yi mini maganin wannan."

Akwai tsohon layin tarho a ofishin tun zamanin da lambobin Kumasi ke farawa da 051. Da aka sake tsarin lambobi a 2010, na Kumasi suka koma 03220, na Akra kuma, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, suka tashi daga 021 zuwa 0302, Kawu ya kira mai fenti ya gyara rubutun da ke ƙofar kowace mota. Lambar ta zaga arewacin Gana da Burkina fiye da shi kansa. Aibinta ɗaya: wayar jan ƙarfe ce guda, kira ɗaya take ɗauka, in wani na kai sai na biyu ya haƙura. Kawu na so wannan lambar ta zama ƙofar gida, ta ɗauki kira da yawa a lokaci guda, ta buga a teburin Kumasi ko na Tema, kuma a san wa ya kira, wa ya amsa.

Ta ina za a fita

Aikin cikin gida bai ci mini kwana uku ba. Na samo ƙaramar kwamfuta na ɗora mata Asterisk, manhajar rarraba kira da Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999, na jera wayoyin tebur masu bin kebul ɗin intanet, na ba kowa lambar ciki mai alƙaluma uku. Suna kiran juna ba ko kwabo. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mai kaya da ke tsaye a kasuwar Kejetia da wayarsa mai farawa da 024 bai san wani Asterisk ba. Ta hannun kamfanin waya kiransa zai zo, dole a sami mahaɗar da tsarinmu da nasu za su gaisa.

Wani abokin Kawu ya ce a sayi akwatin nan da ake cusa wa sim takwas a huta, ba takarda ba jira. Na ƙi. Ba zai ɗauki tsohuwar lambar ba, alhali don ita ake aikin. Sannan a Gana akwatin sim yana da baƙin suna. Gyaran da aka yi wa dokar sadarwa a 2009 ya yanke cewa kiran da ya shigo ƙasar daga waje kada kuɗinsa ya gaza santi 19 na dalar Amurka a minti ɗaya, kuma gwamnati na da kaso a ciki. Masu zamba kan karɓo kiran waje ta intanet, su sake shi a cikin gida da sim na Gana kamar kiran maƙwabci ne, su cinye bambancin. Hukumar kula da sadarwa ta Gana, NCA, da 'yan sanda na farautarsu, kamfanonin waya kuma na toshe sim ɗin da ba ya motsawa daga hasumiya ɗaya, kullum yana kira. Ko da niyyarka tsarkakakkiya ce, akwatinka zai yi kama da nasu.

Layin SIP kai tsaye daga kamfani shi na fi so, wato su ma su yi magana da yaren intanet. Suka ce bai iso unguwarmu ba tukuna. Sai E1, layin dijital na kamfanin waya mai ɗaukar kira da yawa a lokaci guda. Ginin ya taɓa zama reshen wani banki, akwatin faiba da bankin ya bari yana nan manne a bangon ɗakin baya, da ƙofar E1 a jikinsa.

E1 tsohon tsari ne mai tsauri. Yana ɗaukar megabit 2.048 a daƙiƙa, an raba shi gida 32, kowanne kilobit 64. Gida na 0 na daidaita sahu ne, na 16 na saƙonnin sigina, wato ga kira ya zo, ga lamba, an ɗauka, an ajiye. Saura 30 na murya. Don in san nawa za mu saya, na roƙi Hajiya mai riƙe da littafin lissafi ta riƙa leƙa ofis duk bayan kwata tana rubuta mutum nawa ke kan waya. Mako guda ta yi tana yi. Mafi yawa tara ne, safiyar Litinin. Muka nemi gida 15.

A nan na tafka kuskuren da ya haifi rabin wahalata. Na cike takarda, na karɓi ranar haɗawa, ban nemi bayanin yadda suka saita nasu gefen ba. Na ɗauka E1 ɗaya ce a ko'ina.

Jar fitila

Tsakanin Asterisk da E1 ana buƙatar getwe, akwatin da ke tafinta tsakanin yaren SIP da yaren Q.931 na kamfani. Ɗan Kawu da ke Bronx ya aiko da ɗaya na hannu. Ranar haɗawa muka tarar akwatin kamfani yana da baki biyu masu zagaye na ohm 75, namu kuwa baki ɗaya ne mai kama da na kebul ɗin intanet, na ohm 120. Abin da ke haɗa su, balun, bai fi kwalin ashana girma ba. Na yi yini guda a Adum ina shiga shago ina fita, a ƙarshe daga Akra aka sako mini shi a bas.

Na haɗa, fitila ta tsaya ja. Akwatin daga Amurka ya zo, an saita shi kan T1, tsarinsu mai gida 24 da megabit 1.544. Na mayar da shi E1. Fitila ta riƙa kore, ja, kore, ja. Injiniyan kamfani, wani Ba'asante mai sanyin hali da na dama da kira har na fara jin kunya, ya tambaye ni ko na kunna CRC-4, wato lissafin gano kuskure a jerin bayanai. Na kunna. Su a kashe yake a wurinsu. Na kashe, kore ta zauna.

Kawu ya ɗauki wayarsa ya kira lambar ofis. Ta buga, aka yi ta murna, Hajiya ta ɗauka, sai muryarsa ta fito kamar yana magana daga cikin garwa. Wani gadon Amurka ke nan. Ma'aunin G.711, wanda ke nan tun 1972, yana ɗanɗana murya sau 8,000 a daƙiƙa, amma hanyar matse ta iri biyu ce: Amurka da Japan na bin mu-law, mu da Turai A-law. In ka karanta ɗaya da ƙa'idar ɗaya, za a gane maganar, sai dai ba wanda zai jure minti biyu.

Kira na shigowa ke nan, amma ba ya fita. Duk wanda aka gwada sai ya dawo da lambar dalili 44, ma'ana gidan da ka nema babu shi. Getwe yana zaɓar gida daga na 31 ya gangaro, kamfani kuwa 1 zuwa 15 suka buɗe mana. Na taƙaita shi, na bar shi yana farawa daga 15 zuwa ƙasa tunda su daga 1 suke hawa, don kada mu yi karo a ƙofa ɗaya. Sai dalili ya koma 28, tsarin lamba ba daidai ba. Muna aika lamba da sifirinta na gaba, su kuma suna son alƙaluma tara zalla da alamar cewa ta cikin ƙasa ce. Haka ma in kira ya shigo, lambar mai kira na zuwa ba sifiri, akawu ya danna ya mayar da kira abin ya ƙi. Na rubuta ƙa'idar cire sifiri a fita, mayar da shi a shiga, wata daban don 00226 na Burkina da 00227 na Nijar, na kuma ware 112 da 191 da 192 da 193 su wuce yadda suke ba tare da an taɓa su ba. Daren nan na sayi littafi na fara rubuta duk tambayar da ya kamata in yi tun farko.

Wane ne liman

A mako na biyu ƙorafi iri biyu ya taso. Ana jin wani ƙas-ƙas cikin magana jefi-jefi, sannan sau ɗaya ko biyu a yini layin ya faɗi gaba ɗaya da duk kiran da ke kai. Na zargi kebul, na canza. Na zargi wuta, don dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba baƙo ba ne a Kumasi, na sa inbata da batir biyu. Wannan dama wajibi ne: tsohon tarho daga gidan waya yake samun wutarsa, ko an ɗauke yana aiki, sabon tsari kuwa kwamfuta da getwe da akwatin faiba da kowace wayar tebur duk wuta suke ci. Ƙas-ƙas dai bai daina ba.

A rajistar getwe akwai wani ma'auni mai ƙirga zamewa da ban kula da shi ba, yana hawa a hankali. Intanet ba ruwanta da agogo ɗaya. Ƙunshin murya ya zo da wuri ko ya makara, akwai ɗan rumbu da ke tara su ya jera. A E1 kuwa sau 8,000 a kowace daƙiƙa ake aiko jerin gidajen nan 32, kuma dole mai aikawa da mai karɓa su yi tafiya da bugu ɗaya. In agogon ɗaya ya fi na ɗayan sauri ko da ƙanƙani, sannu a hankali zai riga shi da jeri guda, sai a zubar da jerin ko a maimaita shi. Shi ne ƙas ɗin da kunne ke ji. Gida na 16 ma yana cikin jerin, in saƙon sigina ya yi ta lalacewa sai ɓangarorin biyu su yanke cewa layi ya mutu. Getwe ɗinmu agogon cikinsa yake bi.

Na rasa yadda zan bayyana wa Kawu, sai na ce liman biyu ne ke jan sahu ɗaya.

"To wane ne limamin gaskiya?"

"Kamfani ne, Kawu. Mu mamu ne."

"To gaya wa akwatinka ya bi liman."

Saiti ɗaya ne, a ɗauki agogo daga layi. Mako guda na ɓata kafin in gano shi. Ma'aunin ya tsaya a sifiri, har yau bai motsa ba.

Tema, da daƙiƙa 32

Wayoyin Tema ta intanet suke zuwa Kumasi. Da farko mai kira na jin akawu, akawu ba ya jin mai kira, kuma kira na yankewa a daƙiƙa 32 cif, ba 30 ba, ba 35 ba. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san lambar. SIP yana rubuta adireshinsa a cikin saƙo, wayar da ke bayan rauta, akwatin da ke raba intanet a ofis, kuwa adireshin cikin gida take rubutawa, irin mai farawa da 192.168, wanda ba ya kai ko'ina a waje. Murya ta bi shi ta ɓace. Saƙon tabbatar da an ɗauka shi ma ya ɓace, ɗaya ɓangaren ya yi ta maimaita amsarsa har rabin daƙiƙa sau 64 ya cika, ya ajiye.

Maganin shi ne keɓaɓɓiyar hanya ta VPN, ofisoshin biyu su zama kamar ɗaki ɗaya. Sai dai ba Kumasi ba Tema da ke da tsayayyen adireshin IP, don haka na yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kan intanet dare da rana, a Turai, duka biyun su haɗu a can. Kiran da ke tsakanin Aboabo da Tema sai ya je Turai ya dawo. Ma'aunin G.114 ya ce jinkirin murya a tafiya ɗaya kada ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa, mu kuma muna bakin iyakar, har sallama kan yi karo da amsarta. Na san ba daidai ba ne. Araha ce ta ja ni.

Na gwada wata hanyar matse murya, G.729, don rage cin data, tunda kilobit 8 yake ci a maimakon 64. Kwana biyu na janye shi. Muryar direba ta riga ta sha matsa a hanyar wayar hannu, in ka sake matse ta sai bakwai da takwas su zama abu ɗaya a kunne. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, kuskuren guda ya isa a nemi kayan wani a Tema. Muka koma A-law daga farko har ƙarshe.

Direban da aka zarga

Wannan ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ba ta nuna kanta a kowace fitila ba.

Akawu ya kira wani dattijon direba da ya fi shekara ashirin tare da Kawu, yana ɗauke da kaya zuwa Paga. Waya ta yi ta bugawa ba a ɗauka ba. Ya sake, ya sake, har sau shida. Mai kaya na matsa lamba, akawu ya kai ƙara cewa direba na gani yana ƙin ɗauka. Da dattijon ya iso Tamale ya kira, Kawu ya yi masa faɗa a gaban mutane.

"Alhaji, wallahi wayata ba ta yi ƙara ba. Ina tsakanin Kintampo da Buipe, babu sabis."

"An ji tana bugawa da kunne, ni za ka gaya wa?"

Direba na biyu ya faɗi haka, na uku ma. Sai na kashe tawa wayar, na ajiye ta a gabana, na kira ta daga tebur. Ta buga. Waya a kashe, ga ta ina kallo, kunnena na jin tana bugawa.

Ga abin da ke faruwa. In wayar hannu na kashe ko ba sabis, kamfani na sako muryar nan da ke cewa ba a samun lambar, kuma tana zuwa ne kafin a ɗauki kira. A E1 suna aiko saƙon cewa akwai sauti a kan layi, ka saurara. Getwe ɗinmu yana fassara shi zuwa 180 na SIP, wanda ke nufin tana bugawa, sai wayar tebur ta ƙirƙiro ƙarar bugawa da kanta ta toshe muryar kamfani. Daidai shi ne 183, wanda ke buɗe hanyar sauti tun kafin a ɗauka. Na'urar da na haɗa da hannuna ta yi makonni tana yi wa direbobi shaidar zur.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na jira dattijon ya dawo daga Paga, na same shi a gareji yana alwala, na tsuguna na ce, "Baba, laifina ne, ka yafe mini." Ya ce ba komai, amma in je in gaya wa Alhaji a gabansa. Na je. Kawu ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da ya yi masa faɗa a gabansu, kuma ban taɓa ganin ya yi haka ga kowa ba.

Bango ya tsage

Kawu zai tafi Umara a watan Rajab, yana so lambarsa ta ciki ta bi shi a wayar hannu. Na sa masa VPN, ya ce shi ba ya son danne-danne. Sai na buɗe ƙofa ta 5060, wadda SIP ke shiga ta ita, ga duniya, na ba shi lamba 100 da kalmar sirri mai sauƙin tunawa, da niyyar in rufe in ya dawo.

Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai zaga intanet suna ƙwanƙwasa wannan ƙofar, suna gwada 100 da 101 da 1000 da kalmomin da malalata ke sawa. Daren Juma'a suka shiga. Suna kiran wasu lambobin ƙasashen waje masu tsadar gaske, waɗanda mai lambar ke samun kaso daga kowane minti, su bar layi a buɗe. Duka gida 15 suka cika har ranar Lahadi, lokacin da wata mai kaya ta sami Hajiya a gidan biki ta ce tun jiya take neman ofis ba ta samu. Kuɗin kwana biyun ya haura abin da muke biya a wata uku. Na je kamfani da ƙorafi, suka nuna mini cewa daga layinmu kiran ya fita. Gaskiyarsu ce. Da gida 30 muka saya, da ɓarnar ta ninka.

Na kira Kawu a Madina na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya tsare gaba." Bai cire ko sidi ɗaya daga kuɗin aikina ba, kuma da ya cire da na fi samun sauƙi.

Na rufe ƙofar, babu mai shiga sai ta VPN, da Kawu da kowa. Kiran waje ya koma ƙasashe ƙalilan da muke hulɗa da su, daga tebur uku kawai, da lambar sirri, kuma ba ya wuce biyu a lokaci guda. Bayan isha'i a rufe yake. In kira ya wuce sa'a ɗaya na'ura ta yanke shi ta aiko mini saƙo.

Maganar Yamai

Ƙanen Kawu ya zo suna, ya ga yadda na Tema ke kiran ko'ina a Gana da kuɗin gida.

"Ɗana, ni ma ka ja mini ɗaya zuwa Yamai. Akwai 'yan kasuwa a wurina da ke kiran Kumasi kullum, sai su riƙa ba ni ɗan wani abu."

Ta fuskar aiki minti goma ne. Na ce masa wannan shi ne ainihin abin da masu akwatin sim ke yi, sai dai mu da E1 za mu yi: kira ya taso daga wata ƙasa, ya shigo ta intanet, ya fita a Gana da rigar kiran gida.

"Wa zai sani?"

Na ce kamfanoni kan kira lambobinsu daga waje da gangan su ga da wace lamba kiran zai iso, kuma ko ba haka ba, layinmu ba sim ɗin bakin titi ba ne, da takardun rajistar kamfani aka karɓe shi. Kawu da ke sauraro yana jan carbi ya ce, "Sunana ne a takardar, ba naka ba." Magana ta ƙare. Mun ba Yamai waya, amma lambobin ciki masu alƙaluma uku kaɗai take iya kira. Ba ta da hanya zuwa E1, kuma na toshe yadda akawu zai karɓi kiransa ya tura shi waje, don na san ta nan za a fara roƙo.

Alhamis, 14 ga Maris 2024

Azumi bai kai mako ba. Da safe intanet ta fara jan ƙafa, kafin azahar labari ya bazu cewa igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Kiran WhatsApp ya zama wahala. Wayoyin Tema da ta Yamai suka mutu, tunda mahaɗarsu na Turai, kuma ni na kai ta can.

E1 ko a jikinta. Kiran da ya tashi daga Kejetia zuwa Aboabo ba ya ganin teku. 'Yan kasuwar da suka saba turo saƙon murya suka tuna da lambar da ke ƙofar mota, ofis ya cika da ƙarar waya kamar ranar kasuwa. Na saita lambobin Tema su riƙa juyawa zuwa wayoyin hannun ma'aikatan can ta E1. Ya yi aiki, amma kowane irin wannan kira gida biyu yake ci, ɗaya shiga ɗaya fita. Ƙidayar Hajiya ta mutum tara ta tashi aiki. A karon farko na ga dalili na 34 a rajista ba don ɓarayi ba: babu gidan da ya rage.

An yi makonni kafin gyaran igiyoyin ya kammala. A cikin su Kawu ya yarda da abu biyu da a da yake cewa ɓarnar kuɗi ne. Muka karɓi tsayayyen adireshin IP a Kumasi, Tema ta riƙa zuwa kai tsaye, na sallami sabar Turai, sallama ta daina karo da amsarta. Muka kuma buɗe sauran gida 15, wannan karon na tambaya tun kafin ranar daga wane gefe za su fara zaɓa.

Kwanan baya kamfani ya aiko takarda cewa layin SIP ya iso unguwarmu, suna so masu E1 su koma can. Na ɗauki littafina na tafi wurin injiniyan nan, tambayoyi ashirin da uku na kwafe masa a takarda. Ya karanta yana murmushi, ya zare biro ya soke ta agogo da ta balun da ta CRC-4, ya ce waɗannan sun tafi da zamaninsu. Sannan ya juya bayan takardar ya fara rubuta nasa: daga wane adireshi kaɗai za mu karɓi kira, wace lamba za mu nuna a matsayin tamu, ta wace hanya danna maɓalli zai wuce in an kira banki, me zai faru in faiba ta yanke. Ya cika shafin ya nemi wani.

Na kai wa Kawu. Ya tambaya ko sabon zai yi aiki ranar da teku ta sake cin igiya. Na ce in ta faibar kamfani ya zo kai tsaye, ba ta buɗaɗɗiyar intanet ba, zai yi, kuma na sa injiniyan ya rubuta haka. Ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin wayoyin hannunsa, waɗanda yanzu saura biyu, ya ce in dawo bayan salla. Getwe ɗin Bronx na nan a ɗakin baya, fitilarsa kore.